Fodkas ɗina ya ƙi fita, kullum ina ganin da sauran gyara

Ummu_Rikkos:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar sauti. Ina so in fara fodkas da Hausa a nan Jos, hira da masu ƙananan sana'o'i: dillalan kayan gwari na Farin Gada, manoman dankalin turawa, da mata masu sana'a a cikin gida. Kayan aikina waya ce, da ɗan makirfo mai maƙalawa a wuyan riga, sai tsohuwar laftof mai manhajar tace sauti ta Audacity a ciki.

Damuwata ita ce duk abin da na ɗauka, in na zauna saurare sai in ji bai yi ba. Ko hon ɗin Keke Napep ya shigo, ko "eh to" ta yi yawa a bakina, ko muryar ta fita wata iri. Sai in goge in sake. Har yau ko kashi ɗaya ban saki ba. Ta yaya ake gane sauti ya kai a sake shi? In dakata ne sai na sayi makirfo mai kyau? Kuma in Allah ya sa na fara, yaya zan yi kada abin ya mutu bayan kashi uku ko huɗu, kamar yadda nake gani a wajen mutane da yawa?

Injiniya_Sabo:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in ɗauki tambayar farko, don ita ce ke da amsar da ake iya aunawa.

Da farko ki sani kunnenki ba zai yi miki adalci a kan muryarki ba. Mutum yana jin muryarsa ta hanya biyu ne, ta iska da kuma ta ƙasusuwan kansa, waɗanda ke ƙara mata kauri. Na'ura ta iskar kawai take kamawa, shi ya sa kowa ke jin tasa ta fito siririya, baƙuwa. Babu makirfon da zai gyara wannan komai tsadarsa. Don haka ki bar tambayar kanki ko ya yi daɗi. Ki tura minti biyu na hirar ga wanda bai halarci ɗaukar ba, ya saurara ta lasifikar waya ko ta iyafis mai araha, tunda da su yawancin masu sauraronki za su ji. Ki tambaye shi abu uku: akwai kalmar da bai gane ba? Sai da ya ƙara murya in baƙo na magana, ya rage in ke ce? Akwai inda sautin ya tsage ya soki kunne? In ya ce a'a sau uku, sautin ya kai. Hon ɗaya da ya wuce a baya ba ya cikin lissafi, balle a shirin da ake hira da 'yan kasuwa.

Maganar sayen makirfo kuwa, ɗaki ya fi makirfo tasiri. Ɗakin da ke da tayil a ƙasa, bango ba labule, shi ke sa murya ta yi amsa-kuwwa ta yi nisa, kuma wannan yana cikin abubuwan da tacewa ba ta cirewa da kyau. Ki nemi ɗakin da ke da katifa, labule mai kauri da darduma, ki buɗe wardirof ki zauna kusa da kayan sawa. A kashe fanka. Da sanyin Jos ma ba wani babban rashi ba ne. Ƙaramin makirfon rigar nan, in irin Boya BY-M1 ne da ya cika kasuwa, ta kowane ɓangare yake kama sauti, don haka kusanci ne maganinsa: a maƙala shi kamar taki ɗaya ƙasa da haɓa. A kan hijabi ko mayafi, kada a ƙarƙashinsa, in ba haka ba duk motsin da kika yi sai an ji ƙarar yadi.

In waya za ki ɗauka da ita, ki danna alamar jirgin sama tukuna, don kira ɗaya ya isa ya katse ɗaukar. Ki zaɓi WAV, tsarin fayil ɗin sauti da ba a matse ba, in manhajar ta ba da dama. Yana cin wuri, kusan megabait biyar da ɗoriya kowane minti, sai ki tabbatar akwai sarari. In laftof ce, ki cire caja ki ɗauka da batir. Wani gunji mai kauri da ke kwance ƙarƙashin murya yawanci daga wutar ne, tunda wutarmu a kan 50 Hz take tafiya, kuma ya fi tsanani in janareta ne ko inbata mai araha. Ki duba ma'aunin da ke saman Audacity: in kina magana, ya riƙa kaiwa tsakanin -12 da -6. In ya taɓa sifili ya yi ja, sautin ya tsage, kuma tsagaggen sauti ba ya ɗinkuwa. Gara ya yi ƙasa a ɗaga shi daga baya.

Kafin ki ce uffan, ki bar daƙiƙa goma na shiru su shiga cikin ɗaukar. Za ki buƙace su wajen tacewa.

In kuɗi sun samu nan gaba, ki nemi makirfo irin wanda ake kira dainamik, kamar Samson Q2U ko Audio-Technica ATR2100x, dukansu suna shiga laftof kai tsaye ta USB. Abin da ke kusa da baki suke ɗauka, su rage na nesa. Ki guji manyan nan masu sheƙi na kwandensa da ake gani a hotuna. A situdiyo mai rufaffen bango suna da kyau, amma a gidan haya a Rikkos har kukan zakaran maƙwabta za su kawo miki tar.

Hajiya_Furodusa:

Injiniya ya gama da ɗauka. Ni inda nake ganin ana halaka shi ne teburin tacewa, don aiki ne da ba shi da ƙarshe in ba ke kika yanka masa ba.

'Yata, ki sa wa kanki iyaka da agogo. Shirin minti ashirin kada tacewarsa ta wuce awa ɗaya. Ki bi shi sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, ba komawa baya. Abin da ake cirewa kala uku ne kawai: inda aka yi kuskure aka maimaita jimla, inda hira ta kauce ta daɗe a daji, da katsewa irin su tari, kukan yaro ko wani ya yi sallama. "Eh to", "ka gane", "wato" da numfashi, ki bar su, sai wanda ya zo uku a jere. Masu bin kowane numfashi suna yankewa su ne shirinsu ke fita a tsinke, magana na karo da magana, mai sauraro ya gaji bai san dalili ba. Bahaushe da "to" da "a'a" da "ikon Allah" yake hira, in kika kwashe su kin mayar da dillalin tumatir mai karanta labarai.

Dabarar da za ta hana ki gogewa ki sake daga farko ita ce tafi. In kika yi tuntuɓen harshe, kada ki tsayar da na'ura. Ki yi shiru kaɗan, ki tafa hannu sau ɗaya kusa da makirfo, ki maimaita jimlar daga farkonta, ki ci gaba. A Audacity tafin zai fito a matsayin dogon tsini a jikin zanen sautin, da ido za ki gan shi ba sai kin saurari komai ba. Ki je wajen, ki yanke jimlar da ta lalace, shi ke nan.

Bayan yanka, matakai huɗu ne, kuma a wannan jerin. High-Pass Filter a kan 80 Hz, ya kwashe gunjin ƙasa. Sai Noise Reduction: ki zaɓi shirun nan na daƙiƙa goma da Injiniya ya ce, ki danna Get Noise Profile, sannan ki zaɓi duka sautin ki sake buɗe shi. Kada ki wuce desibel 12. A nan masu son komai ya fita tas suke ɓata aikinsu, su kai shi ashirin ko fiye, sai muryar ta koma kamar ana magana a cikin randa. Ɗan ƙaramin "shhh" a baya ya fi wannan sau dubu. Na uku Loudness Normalization a kan -16 LUFS, wanda shi ne ma'aunin da Apple Podcasts ke so. In sautin layi ɗaya ne, wato mono, ki bar alamar da ke kan Treat mono as dual-mono. Na huɗu Limiter a kan -1, don kada ƙarfin sautin ya wuce nan ya tsage. In kin saba, ki haɗa waɗanda lambobinsu ba sa canzawa a cikin Macro Manager, danna ɗaya ta wadatar, kuma ba za ki samu damar zama kina wasa da lambobi kowane mako ba.

Manhajojin nan masu goge hayaniya da kansu ta intanet, a yi hattara da su. Wani lokaci suna murɗe kalma su mayar da ita wani abu dabam. In kin yi amfani da su, sai kin saurari sakamakon gaba ɗaya, wato aikin ya ƙaru ke nan.

Amma akwai wurin da nake so ki tsananta, kuma ba a sauti yake ba. Sunan baƙo da sana'arsa, ki tambaye shi ya faɗa da bakinsa. Farashi in an ambata, a faɗi ranar da aka yi hirar, don kuɗin kwandon tumatir na wannan mako ba shi ne na mako mai zuwa ba. In baƙo ya zargi wani mutum ko wata ƙungiyar kasuwa da suna, ko dai ki nemi ɗaya ɓangaren ko ki cire. Kuma kin san garin da muke ciki: maganar da ta shafi addini ko ƙabila, a saurare ta sau biyu kafin ta fita. Ki kuma ɗauki amincewar baƙo a farkon sautin, ya ce ya yarda a watsa, musamman matan aure masu sana'a a gida, waɗanda wasunsu sai sun nemi izinin maigida. Hon ɗin Keke ba zai jawo miki sammaci ba. Wannan kuwa zai iya.

Ummu_Rikkos:

Na gode ƙwarai Injiniya, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Maganar tafin nan kaɗai ta sauke min nauyi. Saura batun ɗorewa. Wasu sun ce in ba kowane mako ba ne, gara kada in fara. Wasu kuma sun ce sai na tara kashi goma a ajiye. Kuma ban san inda zan ɗora shi ba, don mutanen da nake son su ji ba lallai suna da Spotify ba.

Malam_Ɗan_Bukuru:

Malama Ummu, duka maganganun biyu sun yi tsauri, kuma irinsu ne ke sa mutum ya shekara yana shiri.

Ki fara da lissafin awannin kashi ɗaya, a rubuce. Neman baƙo da daidaita lokaci, tafiya Farin Gada ko inda yake da dawowa, ɗaukar kanta, awa ɗaya ta tacewa, rubuta take da bayani, yanka ɗan guntun talla. Shirin hira na minti ashirin da wuya ya ci ƙasa da awa huɗu zuwa biyar. Sai ki dubi makonki mafi cunkoso, ba mafi sauƙi ba, ki ga ko awannin nan za su samu. In ba za su samu ba, mako biyu-biyu ne naki. Mai sauraro ba ya fushi da shirin da ke zuwa duk Asabar ta biyu. Wanda aka ce masa kowace Asabar, ya zo sau uku sannan ya ɓace, shi ne ake mantawa da shi.

Abu na biyu, kada ki yi alƙawarin har abada. Ki ce zango na farko kashi takwas ne, ki rubuta sunayen batutuwa takwas ɗin yau, da baƙo na ko-ta-kwana ga kowanne, don ɗan kasuwa zai iya cewa ki zo Talata, ranar kuma mota ta sauke masa kaya ya ce sai wani jiƙon. Mako biyu-biyu, kashi takwas wata huɗu ke nan. In an kammala ki sanar da hutun wata ɗaya, ki faɗi ranar dawowa. Wannan hutu ne da aka tsara, ba mutuwar shiri ba.

Ajiya kuwa, uku sun isa. Ki saki ɗaya, biyu na jira. Duk lokacin da ajiyar ta ragu zuwa ɗaya, wannan makon na ɗauka ne ko da me ake ciki. Kuma a haɗa aiki iri ɗaya wuri ɗaya: in kin shiga kasuwa, ki fito da hira biyu, ba ɗaya ba, tunda kuɗin mota ɗaya ne. Gabatarwa da rufewa ki ɗauke su sau ɗaya ki ajiye a fayil, kowane kashi sai ki manna. Wajen gabatar da baƙo kada ki rubuta komai kalma-kalma, don karatu ana jin sa a murya kuma shi ke kawo yawan tuntuɓe. Tambayoyi biyar a takarda ɗaya, da abu ɗaya da kike so mai sauraro ya tafi da shi.

Ki duba kalanda tun yanzu. Da azumi baƙi ba su da kuzarin doguwar hira da rana, ke ma haka, kuma makon Sallah babu mai lokacinki. Damina a Jos doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, kuma ruwa in ya sauka a kan rufin kwano babu abin da za a ɗauka, balle in da ƙanƙara. Ruwan ya fi zuwa da rana ko yamma, don haka hantsi ya fi aminci. Ki kuma kauce wa lokutan kiran salla in akwai lasifikar masallaci kusa, ki tsara hirar ta ƙare kafin azahar.

Wurin ɗorawa: Spotify for Creators kyauta ne, shi ne tsohon Anchor da Spotify ta saya a 2019. Zai ba ki adireshin RSS, wanda da shi za ki miƙa shirin ga Apple Podcasts da sauran manhajoji sau ɗaya, daga nan kowane sabon kashi da kansa yake isa. Google Podcasts an rufe shi a 2024, kada ki ɓata lokaci nemansa. Hoton shirin murabba'i ne, daga 1400 zuwa 3000 kowane gefe, JPEG ko PNG, suna da manyan haruffa a kan launi ɗaya ya wadatar. Akwai wurin sa rana da lokacin da kashi zai fita da kansa. Ki yi amfani da shi: ki ɗora tun Laraba ki sa ya fita Asabar, sannan ki rufe laftof.

Amma gaskiyarki, dillalin Farin Gada a WhatsApp da Facebook yake. Ki fitar da MP3 mai layi ɗaya a kan 64 kbps, minti ashirin bai kai megabait goma ba, kowa zai iya saukewa ya tura wa wani. A kan 128 kbps ninki biyu ne, kuma a lasifikar waya da wuya a ji bambanci in magana ce zalla. Ki tura wa baƙon da kansa tun ranar farko, shi ne zai yaɗa a zaurukan 'yan kasuwarsu fiye da duk tallan da za ki yi. Sai dai abin da aka tura ta WhatsApp ba ya shiga ƙididdigar Spotify, don haka in kin ga lamba ƙarama kada gabanki ya faɗi. Ni a ganina ma kada ki buɗe shafin ƙididdigar sai bayan kashi na huɗu.

Injiniya_Sabo:

Malam, na yarda da komai sai wannan na ƙarshe. Yawan masu saurare kam ba shi da amfani a farko. Amma akwai wani zane a cikin ƙididdigar da ke nuna minti nawa mutane suka kai kafin su fita, kuma shi ne maganin mai yawan zargin aikinsa, don yana nuna ainihin inda matsala take. Sau da yawa za a ga layin ya faɗi a minti biyun farko, inda ake ta gaisuwa da godiya da bayanin abin da za a yi bayani, ba a wajen da babur ya wuce ba. Gyaransa sauƙi ne: sallama, suna, sai a jefo magana mafi daɗi da baƙo ya faɗa, duka cikin daƙiƙa talatin. Ta duba shi sau ɗaya, mako guda bayan fitar kashi, ta ɗauki gyara ɗaya tak ta kai kashi na gaba. Wanda ya riga ya fita a bar shi.

Sai in kuskuren na gaskiya ne, kamar an faɗi sunan mutum ba daidai ba. A nan yawancin wuraren ɗora shiri suna ba da damar sauya fayil ɗin sauti ba tare da goge kashin ba. Waɗanda suka riga suka sauke tsohon, shi za su ci gaba da ji, don haka a faɗi gyaran a farkon kashi na gaba.

Hajiya_Furodusa:

Ƙari biyu kafin in tashi. Kiɗan buɗe shiri yana cikin abubuwan da ke hana mutane fara shiri wata da watanni. Kada ki ɗauko waƙar fim ko ta wani mawaƙi, YouTube da Facebook suna gane su da kansu, su toshe sautin ko su sauke bidiyon. Ko ki samu mai kiɗa ya yi miki na daƙiƙa goma da yardarsa a rubuce, ko ki ɗauki hayaniyar kasuwar da kanta, masu kiran ciniki da masu sauke buhuna, ki sa ta ƙasa-ƙasa a ƙarƙashin sallamarki. Ga irin shirinki ma ta fi dacewa, kuma masu sauraron da ba sa son kiɗa ba za su kauce ba.

Na biyu, baƙon da ke nesa, kamar manomin dankali a Bokkos ko Mangu. Kada ki ɗauki kiran waya kai tsaye, sautinsa siriri ne kuma layi na yankewa. Ku yi magana ta waya ɗaya, shi kuma ya aro wata wayar ya ajiye kusa da bakinsa tana ɗaukar muryarsa, ke ma kina ɗaukar taki. Kowa ya sa iyafis don muryar ɗayan kada ta shiga. A farko ku ƙirga ɗaya, biyu, uku ku tafa tare, da wannan za ki daidaita layukan biyu a Audacity. In an gama ya turo miki fayil ɗin ta WhatsApp ta wajen Document, kuma kada ya goge nasa sai kin buɗe kin tabbatar ya iso cikakke.